Aikin Ƙarya Ya Kori Na Gaske

A garin Bodinga an yi wani saurayi mai suna Ubaidullahi, ɗan Malam Mode manomin albasa. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ladabi, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Aibinsa guda ne: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba" ko "ban samu ba". Tun yana firamare, in malami ya yi tambayar da ta fi ƙarfinsa, gara ya ƙirƙiro amsa da ya yi shiru. Da yake sau da yawa yakan dace, ba wanda ya lura cewa wannan hali yana girma tare da shi.

Shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Ya karanta kimiyyar kwamfuta a Sakkwato, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa a wata sakandare a jihar Neja, ya dawo gida da takardarsa cikin leda. A zatonsa takardar nan kaɗai ta isa. Ya zauna ya aika neman aiki wurare da dama, Legas da Abuja da Kano, har da ƙasashen waje. Yawanci ba su ba shi amsa ba. Kaɗan da suka amsa, tambayarsu ɗaya ce: "Nuna mana abin da ka taɓa ginawa da hannunka." Ubaidullahi kuwa ba shi da abin nunawa. Ya haddace littattafai, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa haɗa wata manhaja da mutum ya yi amfani da ita ba.

Wata bakwai suka wuce a haka. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, dattawan unguwa suka zauna a ƙofar gidan Malam Mode kamar yadda suka saba. Ubaidullahi ya kawo musu ruwa. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Injiniya, har yanzu shiru? Ga ɗan maƙwabcinku da bai yi jami'a ba, gyaran waya shikai bakin tasha, har ya aje mata."

Aka yi dariya. Ba da mugunta aka faɗa ba, amma Ubaidullahi ya ga mahaifinsa ya sunkuyar da kai. Kafin ya yi tunani, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ai na samu, Baba. Wani kamfani na ƙasar waje ya ɗauke ni. Daga gida zan riƙa yi musu aiki ta intanet. Ban so in faɗa ba sai an gama watannin gwaji."

Malam Mode ya ɗago kai. "Ubaidu, gaskiya ta?"

"Gaskiya ce, Baba."

Nan take aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa.

Malam Mode bai yi wasa da lamarin ba. Akwai wani ɗaki kusa da zaure inda yake ajiye buhunan iri da kayan noma. Ya sa aka kwashe su, aka yi wa ɗakin siminti, aka kawo tebur da kujera, aka ɗora farantin sola a kan rufi don kada caji ya yanke. Inno, mahaifiyar Ubaidullahi, ta kafa doka a gidan: daga hantsi zuwa la'asar ba mai daka a tsakar gida, ba mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin nan ko da gobara ake. Abinci ma a bakin ƙofa take ajiyewa ta juya a hankali.

Haka Ubaidullahi ya shiga ɗakin da ya gina wa kansa da baki. Kullum da safe yakan yi wanka, ya sa riga mai guga, ya gaida iyayensa, ya shiga ya rufe. Ya buɗe kwamfuta ya duba saƙonni, ba komai. Ya sake dubawa. In ya ji takun mutum kusa da taga, sai ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya kama Turanci da ƙarfi, yana amsa tambayoyin da ba wanda ya yi masa. In takun ya wuce, ya yi shiru, ya bi ƙadangaren da ke jikin bango da ido.

Abokansa na unguwa suka daina zuwa, don an ce musu ba ya son damuwa. Abokan karatunsa suna da zaure a waya inda suke tura wa juna tallan aiki, wanda ya makale a wani abu ya yi tambaya a taimake shi. Da labarinsa ya kai can, suka yi ta taya shi murna, wasu na roƙon ya sama musu hanya. Sai ya daina buɗe zauren. In ɗayansu ya kira, ya bar wayar ta yi ta ruri har ta gaji.

Ba wai bai yi ƙoƙarin koyo ba. Sau uku yana fara darasin gina manhaja a intanet. Amma duk lokacin da ya kai inda abu ya ƙi aiki, ba shi da wanda zai tambaya. Ta yaya ma'aikacin kamfanin ƙasar waje zai tambayi abin da ɗan aji biyu ya sani? Sai ya rufe darasin, ya kifa kai a tebur, ya jira kiran sallar la'asar ya sallame shi.

A cikin abokan karatun nasa akwai wata Safinatu, mutuniyar Shagari. A aji ba ta kama ƙafarsa ba. Amma tun suna shekara ta biyu take ƙananan ayyuka: ta yi wa shagon magani na yayarta manhajar lissafin kaya, ta yi wa wata islamiyya rajistar ɗalibai. Abubuwan sukan lalace, ta yi tambaya, a yi mata dariya, ta gyara. Da ta gama, wani ƙaramin kamfani a Sakkwato ya ga ayyukanta ya ɗauke ta. Kamfanin yana haɗa manhajar da za ta yi rajistar manoman albasa, ta riƙa tura musu farashin kasuwanni da labarin yanayi ta waya. Aka ba ta yankin Shagari, aka ce ta nemo wanda zai riƙe Bodinga. Sharaɗin shi ne ya kasance mai digiri a fannin, ɗan ƙasa da manoma suka san gidansu. Sauran aikin za a koya masa.

Ubaidullahi ne ya fara faɗo mata a rai. Ta kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Sai ranar wata Talata ta hau mota tare da yayanta Naziru, suka yi tambaya har ƙofar gidan Malam Mode.

Malam Mode ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Bayan doguwar gaisuwa, Safinatu ta durƙusa ta yi bayani. Daga inda suke zaune suna jin muryar Ubaidullahi ta cikin bango, yana zuba Turanci.

Dattijon ya yi murmushi ya nuna bangon da haɓa. "Kin ji shi nan, ɗiyata. Shina cikin taro da Turawanai. Ba a taɓa ƙohwag ga sai la'asar. Allah shi yi miki albarka da kinka tuna da shi, amma Ubaidu ya wuce nan. Ki ba wani mabuƙaci."

Safinatu ta kasa kunne ga muryar. Ta ce, "To Baba, duk da haka a gaya mishi na zo. Lambata tana wurinai." Suka yi sallama suka tafi.

Da la'asar Ubaidullahi ya fito, mahaifinsa ya ba shi labari yana dariya. "Wata ɗiyar Shagari taz zo da wani ɗan aiki na rubuta sunayen manoma. Nic ce mata ta yi haƙuri, kai da manya kaka aiki."

 Ubaidullahi ya yi yaƙe ya ce, "Ka kyauta, Baba."

Washegari ya shiga ɗaki ya ajiye wayar a gabansa. Lambar Safinatu na nan. Danna ta kawai zai yi. Amma in ya karɓi aikin, dole ya fito ya bi gonaki, dole a tambaye shi ina Turawa. Dole ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce babu su, ba a taɓa yin su ba. Ya ɗauki wayar ya ajiye. Ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce sai ya tsara yadda zai faɗa. Ya yi tunanin ya ce kamfanin ya rushe, sai ya ga hakan ma faɗuwa ce. Kwana goma sha shida yana wannan saƙa da warwara, shi kaɗai, abinci na hucewa a bakin ƙofa.

A rana ta goma sha bakwai ya ce wa Inno an aike shi, ya hau mota zuwa Shagari. Ya sami Safinatu a wani ɗan ofis kusa da kasuwa, manoma sun yi layi a waje. Ta ba shi kujera, ta jira ya yi magana. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Aikin nan da kika zo da shi," ya ce, "yana nan?"

"An ba Sani na Dingyadi, wanda ya biyo bayanmu a jami'a, yau kwana shida. Na jira ka kwana goma, Ubaidu. Har faɗa anka yi min a ofis."



Ta rage murya don kada na waje su ji. "Ran da muka zo, na saurare ka ta bango. Wanda ke taro yakan yi shiru ya ji na wani. Kai ba ka tsaya ba ko sau ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, ko Naziru. Na zaci za ka kira."

Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Na fi Sani sakamako."

"Ka fi shi. Ka fi ni ma. Takardar ita ta sa anka saurare mu, ba a musu. Amma ran da Sani ya zo, ya ce shi bai iya komai ba, a koya mishi. Yanzu kullum sai ya kira ni sau biyar da tambaya. Wanda ya ce ya riga ya isa, mi za a koya mishi?"

Ubaidullahi ya fito ya tsaya bakin titi. Motoci uku na Bodinga suka wuce bai tsayar da ko ɗaya ba.

Da ya dawo bai shiga gida ba. Ya wuce fadama, inda ya san zai sami mahaifinsa yana ban ruwa. Ya tsuguna a kan kunyar albasa ya faɗi komai, tun daga ranar Juma'ar nan har zuwa Shagari. Malam Mode bai katse shi ba. Ya kashe injin ruwa, ya wanke hannunsa a rariya, ya daɗe yana kallon albasa.

"Rashin aiki ba abin kunya ba na," ya ce a ƙarshe. "Shekara nawa ina shuka ruwa na cinyewa? Amma kai, Ubaidu, arzikinka yaz zo har zaurena, da ƙahwahunai, kab bar ni nik kore shi da bakina. Ina yi ina dariya."

 Ya ta da injin ya ci gaba da aikinsa.

Gaskiya ba ta ɓoyuwa a gari irin Bodinga. Ba wanda ya tsare Ubaidullahi da magana, amma in ya nufo majalisa sai hira ta canza. Malam Mode ya daina zama ƙofar gida ran Juma'a. Bayan wata guda Ubaidullahi ya haɗa kayansa ya koma Sakkwato, ya samu wuri a wani shagon buga takardu, yana cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa. Yana kwana a wani ɗaki shi kaɗai, ba ya da kowa a unguwar. Da sassafe kafin a buɗe shago yakan zauna ya koyi abin da ya kamata ya koya tun shekaru biyar da suka wuce. Gida kuwa sai salla-salla yake zuwa, ya kwana ɗaya ya juya.

Da kakar albasa ta zo, Sani ya iso unguwarsu da kwamfutarsa yana rajistar manoma. Malam Mode ya bi layi kamar kowa. Sani ya rubuta sunansa da girman gonarsa, sannan ya ce, "Baba, ina ɗan'uwana Ubaidullahi? An ce min gwani ne."

Dattijon ya karɓi katinsa ya sa a aljihu. "Shina Sakkwato," ya ce. "Shina nema."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, digiri abu ne mai daraja, amma ƙofa kawai yake buɗewa, ba ya shiga ya yi wa mutum aiki. Mai neman abinci da ilimin kwamfuta sai ya haɗa takarda da aikin hannu, kuma hannu ba ya ƙwarewa sai mai shi ya yarda ya ce "ban iya ba, a nuna mini." Wanda ya rufe rashinsa da ƙarya ya rufe hanyar da taimako zai bi ya same shi, ya kuma jawo masoyansa su cuce shi ba da saninsu ba. Kunyar faɗin gaskiya ta yini ɗaya ce. Kunyar ƙarya kuwa takan raba mutum da aikinsa, da abokansa, har da zauren gidan ubansa.