Motar Sallau da Kiran Kurma

Tasalla ta rasa miji, ta rasa gonar tsibiri da shinkafar shekara guda, ta rasa mota. Abin da ta samu ɗaya ne: ɗanta Tanimu da ransa. Ku kasa kunne, don a kanku za a sauke shari'ar.

Mijinta Sallau tallan magani yake yi kasuwa-kasuwa da wata tsohuwar mota. A but ɗinta ya dasa akwati mai manyan sifiku biyu, irin waɗanda in suka buga sai ka ji hanjinka na motsi. Motar ce kuma ajalinsa. Maƙwabta suka dame shi da ƙorafin ƙara, sai ya rufe gareji ya bar inji a kunne yana saita sauti, hayaƙi ya kwantar da shi a kan sitiyari.

Mutum uku suka yi ta zarya suna taya motar: Magaji mai gyaran wayar mota, Bawa kafinta, da Ɗanliti, abokin yawon kasuwar marigayi. Duk wanda ya taya sai ta ce albarka, ta ƙara da cewa ba a bola ta tsinci mijinta ba. Shekara biyu mota na ajiye, ɓeraye na cin waya.

Tanimu kurma ne tun haihuwa, magidanci, yana noma a tsibirin tsakiyar kogi. Lokacin da ubansa ke raye, ba ya kiransa da baki. Sifika yake bugawa sau uku, ya tsaya, ya ƙara uku, Tanimu ya ji a ƙirjinsa ya san ana nemansa gida maza.

Wata Laraba da hantsi aka yi shela an buɗe dam, ruwa zai iso kafin la'asar. Tsibiri ba sabis na waya, masu jirgi suka ƙi tsallakawa, rurin kogi ya haɗiye ihun mutane. Tasalla ta sa aka turo motar bakin gaɓa, ta aika wa mutum ukun nan, ta ce duk wanda ya sa motar ta yi maganar da Tanimu zai ji, tasa ce.

Magaji ya kwance batir a motarsa ya haɗa, ya ja sabuwar waya mai kauri zuwa amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Fis ya ƙone, babu wani a kusa. Sai ya haɗe bakin wayar ya danne da hannu, ta yi zafi har roba ta narke a tafinsa, bai saki ba. Yau yatsunsa uku ba sa miƙewa.

Sauti ya fito, amma kamar tarin tsoho, don akwati ya tsage iska na zurarewa. Bawa ya kwaɓa gam da garin katako ya toshe, ya ɓalle ƙofar shagonsa ya ɗaure akwatin da ita. Ana cikin haka aka zo aka ce masa ruwa ya fara shiga shagon, ya je ya kwashe kaya. Ya ce su bari ya gama buga ƙusa. Kafin ya gama, injinsa da katakon mutane sun bi kogi.

Duk da haka ƙasa ba ta girgiza ba. Ɗanliti ya cusa kai cikin but, ya ɗora tafi a kan sifikun, ya gane ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna kashe ƙarfin juna. Ya juya wayar ɗaya, ya rage siririn sauti ya bar mai kauri zalla, ya riƙa murɗa maɓallin ƙara sannu-sannu da kunnensa a jikin akwati, don in ya zarce gashi ɗaya sifika ta ƙone. Ya tsaya daidai bakin iyaka, ya buga uku, ya tsaya, ya ƙara uku. Da ya ɗago, jini na bin wuyansa. Kunnen dama bai sake ji ba.

Tanimu na jingine da durom marar komai a bukkarsa, ya ji ƙarfe na bugun bayansa da kiran ubansa da ya mutu. Ya zabura. Manoma biyu da ke tare da shi sun ji sarai da kunnuwansu, suka ce biki ake a gari. Ya ja rigarsu, ya nuna jirgi, suka yi wa kurma dariya. Shi kaɗai ya shiga jirgin, ya fito can ƙasa da gari. Su kuma sai bayan kwana uku aka tsinci gawarsu.

Bayan sadakar uku ta manoman, mutum ukun nan suka zo zauren Tasalla, kowa ya zauna da abin da ya rasa. Ta fito da makulli ɗaure a bakin zani, ba ta kwance ba.

"Shekara biyu kuna tayawa ina cewa albarka. Yau na sallama. Kuɗinta ran Tanimu, kuma an biya. Amma mota ɗaya ce, ba naman layya ba ce balle a raba. Wanda ya biya ya miƙo hannu."

Duk ukun suka miƙa.

To, jama'a, mai hannu, mai shago, ko mai kunne: a tafin wa Tasalla za ta sa makullin?