Gayyar da Ba Wanda Ya Kira

Jama'ar Allah, ku gyara zama! Yau da labari na zo, kuma tun daga gida yake cina. Mai gyangyaɗin nan na baya, a ɗan taɓa mini shi, kada a ba shi labari a hanya.

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne kamar kowa, sunansa Jatau. Abu ɗaya ya raba shi da sauran mutane: in aka yi ihu, kowa yana neman hanyar gudu, shi kuwa wurin ihun yake nufa. Gobara ta tashi, Jatau ne a gaba. Mutum ya faɗa rijiya, Jatau za a ɗaura wa igiya a ƙugu. Rafi ya kawo ya ja mai tsallakawa, kafin a rufe baki Jatau ya faɗa ruwa. Ba wanda ya naɗa shi, amma duk garin sun san aikinsa ke nan.

Ana nan, wata damina aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta huɗu da hantsi, sai ɗakin wata tsohuwa ya rufta da ita a ciki. Tsohuwar nan kuwa mahaifiyar Sarkin Noman garin ce. Mutane suka taru suna kururuwa, amma ba mai iya matsawa, gama sauran bangon yana rawa. Jatau ya jefar da fartanyarsa, ya kutsa ciki, ya tono tsohuwa da hannunsa, ya miƙo ta waje da ranta. Yana juyowa zai fita, sai azara ta sauko masa a cinya. Ƙashi ya karye. Mai ɗori ya duba ya ce, wata uku ba zai taka ƙasa ba.

Kai, ku zo ku ga masu dubiya! Safe da yamma gidan a cike, har tabarma ta yi kaɗan. Wannan ya ce, "Sannu Jatau." Wancan ya ce, "Sannu namiji, Allah ya tashi kafaɗa." Wani tsohon makaɗi mai suna Bako har kirari ya shirya masa, ya zo ƙofar gida ya rangaɗa, mata suna guɗa.

To, amma lokacin noman farko ne. Dawar Jatau ta tsiro da kyau, ciyawa kuma ta taso tare da ita. Manoman da ke cikinku sun sani, in ciyawa ta rufe dawa a wannan lokaci aka bar ta mako biyu, shekara ta tafi ke nan. Ga 'ya'ya huɗu a gida, ga rumbu ya kusa kai ƙasa.

Mutanen garin nan suna da al'adar gayya, kuma suna riƙe da ita gam. Mai gona ne yake kira. Shi zai je wurin Sarkin Noma a sa rana, matansa su tuƙa tuwo, su dama kunu, a kai wa makaɗi goro. Ba a shiga gonar mutum haka kawai. A wurinsu raini ne, kamar ka ce masa ya kasa.

Matar Jatau, Rahila, ta ce masa, "Maigida, ka bari in je wurin Sarkin Noma."

Ya ce, "Da me za mu ciyar da su? Ɗan hatsin da ya rage na yara ne. Kuma so kike a ce na fito da uwarsa don a biya ni? A'a, ki bari."

Sai Rahila ta ɗauki fartanya, kullum ta fita ita kaɗai. Mutanen gari kuwa suna ta cewa, "Ranar da Jatau ya kira gayya, ni ne na fari a gonar!" Kuma ba ƙarya suke yi ba, da gaske suke. Shi yana jin kunyar kira, su suna jiran kira, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Haka aka kwana goma.

Ran nan Bako makaɗi yana dawowa daga kasuwa, sai ya biyo ta gefen gonar. Da fari ma bai ga mutum ba, motsin ciyawa ya gani. Da Rahila ta ɗago, ya ga tafin hannunta duk ya yi kanta ya fashe, ta ɗaure da tsumma.

Ya ce, "Matar Jatau, ke kaɗai?"

Ta ce, "Ni kaɗai, Baba."

"Haba! Me ya hana ku kira gayya?"

Ta ce, "Tukunyarmu ba za ta kai ba, Baba."

Bako ya tsaya kamar an dasa shi. Kunya ta rufe shi, gama ya tuna shi ne ya fi kowa ɗaga murya a ƙofar gidan. Ya juya ya wuce gida.

Kashegari, gari yana wayewa, sai aka ji gangar noma! Ku kun sani, manomi ba ya jin wannan kiɗa ya zauna, ƙafarsa ce za ta tashe shi. Mutane suka fito da fartanya a kafaɗa suna tambayar juna, "Gayyar wa? Gayyar wa?" Suka bi kiɗa, suka bi kiɗa, sai ga su a gonar Jatau, Bako yana tsakiyar ciyawa yana ta bugu, gumi yana zuba.

Sarkin Noma ya iso a fusace. Ya ce, "Kai Bako! Wa ya kira gayya ban sani ba? Ina mai gona? Ina tuwo?"

Bako ya dafe ganga ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya kira. Amma ina da tambaya. Ranar da ɗaki ya rufta wa Iya, wa ya je ya sa wa Jatau rana? Wane tuwo aka tuƙa masa kafin ya shiga?"

Sarkin Noma ya dubi ƙasa, ya dubi gona, ya dubi hannun Rahila. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a kan itacen kargo, ya fizge fartanya daga hannun na kusa da shi, ya ce, "Buga, Bako! Buga!"

Jama'a, ku zo ku ga noma! Samari suka jeru, dattawa suka ce ba za a bar su a baya ba, ƙasa tana tashi, ciyawa tana kwanciya. Mata suka ruga gida, kowace ta ɗora tata tukunya: wannan dambu, wannan ɗanwake, wannan kunun tsamiya. Ba a taɓa ganin gayyar da baƙi suka zo da abincinsu ba sai ran nan! Wasu suka je suka ɗauko Jatau a kan amalanke, suka ajiye shi a inuwa. Da ya ga gonarsa, mutumin nan da bai yi kuka ba ranar da aka ɗora masa ƙashi, ya rufe fuska yana kuka kamar yaro. Kafin la'asar an gama.

Amma ba zan ɓoye muku ba, gefen gonar na wajen rafi bai tashi ba. Ciyawa ta riga ta shaƙe dawar. Kwana goman nan da aka yi ana "sannu, sannu" su suka ci wannan gefen. Sauran gonar kuwa ta yi albarka, gidan Jatau ba su kwana da yunwa ba a shekarar.

Ma'anar wannan misali ita ce: Jatau shi ne dukan wanda yake gudu zuwa inda mu muke gudu daga gare shi. 'Yan kwana-kwana ne, da 'yan agaji, da masu motar asibiti, da masu tsaron unguwa, da masu nutso a kogi. Gonar ita ce iyalinsu: abincin gidansu, karatun 'ya'yansu, rufin ɗakinsu. Ciyawar kuwa wahala ce, wadda take tasowa tun daga ranar da mai gida ya kwanta. Mutanen garin nan, to, ba sai na faɗa ba, mu ne. Mun iya dubiya, mun iya ta'aziyya, mun iya yabo, a nan kam ba wanda ya fi mu. Sa'an nan mu ce, "In kuna bukatar wani abu, ku faɗa." Mu kama hanya zuciyarmu a wanke.

Ubangijinmu Yesu bai jira mu aika masa ba kafin ya zo ya cece mu. Ba mu sa masa rana ba, ba mu shirya masa kome ba, ya zo ya ba da ransa. Ina muka samo wannan al'ada ta jiran kira?

Jatau dai ya tashi, ko da yake da ɗingishi. Amma akwai waɗanda suka shiga wuta ko ruwa saboda mu, ba su fito ba. Matansu suna nan a unguwanninmu, 'ya'yansu suna wucewa ta ƙofar gidajenmu. Kun san su, na san su. Mai hatsi ya kai hatsi, mai gini ya je ya duba bango, malamin makaranta ya tambayi yaran inda suka tsaya, mai babur ya kai mai rauni asibiti. Kuma ina roƙonku, a makon nan, ba bayan kaka ba.

Kada ku ce kuna jira su faɗa. 'Yan'uwana, ba za su faɗa ba.