Ɓarawon Hadari

Akwai wani masanin yanayi da furfura ta fara fito masa, amma har gobe Auta ake ce masa a gida. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Da injin niƙa ɗaya tilo, a wani ɗaki mai rufin kwano, ta ciyar da shi, ta kai shi makaranta.

Auta ya samu aiki a wata hukuma mai gwajin jawo ruwan sama. Ƙaramin jirgi ke shiga cikin gajimare ya watsa wani gari kamar gishiri, don ruwa ya zuba a madatsar da birni ke sha, wadda ta kusa ƙafewa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ba wanda ya tuna ya tambayi manoman da ke zaune ƙasan madatsar, garin su Yaya ke nan.

Shekarar kuwa sai damina ta yi gardama. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin, a ji kukan jirgi, can sai ya watse ko ɗigo babu. Shuka ta fara yaushi. Wanda gonarsa ke ƙonewa a gabansa dole ya nemi mai laifi, ni dai ban ga laifinsu ba. Nan da nan aka raɗa wa Auta suna Ɓarawon Hadari.

Shi yana ofis yana shan sanyi, Yaya ce ta kwashi kashinta a hannu. Mata suka daina kawo niƙa. Har kajin da ke tsintar gari a bakin ƙofa suka canza sheƙa.

Ba ta taɓa kai masa ƙara ba. Shi ya gano da kansa. Kullum in ya kira ta sai ya yi ta ihu saboda ƙarar inji, ran nan kuwa ya ji har numfashinta. Ya tambaye ta ina injin, ta ce yana hutawa. Nan ya gane an daina kawo niƙa, don tun tasowarsa bai san injin nan da hutu ba.

Da surutu ya yi yawa, hukuma ta kira taro a filin makarantar garin. Shugaban aikin ya tura Auta gaba tunda ɗan gida ne, ya kuma ja masa kunne cewa magana ɗaya zai faɗa: aikin ba shi da haɗari.

Auta ya riƙe wata tsohuwar lasifika mai shaƙewa, ya ce, "Ina tabbatar muku, babu haɗari."

Wani dattijo mai gonar albasa ya miƙe a hankali. "Yau dai kun faɗi gaskiya, ɗana. Babu hadari. Mu ma abin da muke ta kuka a kai ke nan."

Fili ya kwashe da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Auta ya buɗe baki zai yi gyara, sai idonsa ya faɗa kan Yaya. Tana can baya ita kaɗai a benci, dama da hagu ba kowa, alhali mutane na tsaye a rana. Tausayinta da kunya suka rufe shi. Ya ajiye lasifikar.

"Baba, haɗari na ce, ba hadari ba. Amma shi ma bai kamata in faɗa ba. Ko jirginmu ne ya hana ku ruwa, ko fari ne kawai, wallahi ban sani ba, bincikenmu bai kai nan ba. Abin da na sani, sama ta kowa ce, kuma mun taɓa ta ba mu tambaye ku ba. Ku yafe mu."

Shugaba ya haɗe rai. Aka dakatar da jirgin sai an zauna da manoma, shi kuma Auta aka cire shi daga aikin, aka jefa shi wata ƙaramar tashar auna ruwan sama a gefen garin. Mutanen gari ma ba su bar shi ya sha iska ba, suka sauya masa suna zuwa Malam Ban-Sani-Ba. In ya wuce sai a tambaye shi ko ya karya, ko shi ma bai sani ba. Yakan yi murmushi ya wuce.

Da wata daminar ta zagayo, ruwa ya zo ba ƙaƙƙautawa, madatsa ta cika maƙil. Wata rana da hantsi Auta ya duba na'urorinsa, ya hau babur ya nufi gidajen bakin kogi. Dattijon nan ya fara tararwa.

"Baba, wannan karon na sani. Akwai hadari, kuma akwai haɗari. Ku tashi."

Wasu suka fara musu, sun gaji da maganar masana. Dattijo ya ce musu mutumin da ya iya cewa bai sani ba a gaban maigidansa, in ya ce ya sani, shi kam ya ɗauki tabarmarsa. Suka kwashe yara da dabbobi suka hau tudu.

Ruwa ya ci gidaje da rumbuna, an yi asara, an yi kuka. Amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Bayan ruwa ya janye, Auta ya kira Yaya ya ji lafiyarta. Ya yi sallama har sau biyu.

"Auta, ɗaga murya!" in ji ta. "Inji ya hana ni jin ka."

Darasi: Kada ka yi wa mutane rantsuwa a kan abin da ba ka da tabbas, kuma kada ka taɓa abin da yake na kowa ba ka tambayi kowa ba. "Ban sani ba" ta gaskiya ita ce ke sa a yarda da "na sani" ranar da rai ke kan gaba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu yanke shawara a madadin jama'a.