Mutumin Da Ya Makantar Da Idon Hayaƙi

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, domin ya bar 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Sana'arsa sanya na'urorin gano gobara a manyan gine-gine da kula da su. Abokan aikinsa Mai Ido suke ce masa, kuma yanzu za ku ji dalili.

Kun san 'yan fararen na'urorin nan masu kama da murfin kwano da ake mannawa a silin ɗin ofis. Waɗannan na ƙananan ɗakuna ne. Idan wuri ya yi faɗi, rufinsa ya yi tsawo, kamar sito ko masana'anta, wata iri ake sakawa. Ana kafa ta can sama a jikin bango, dab da rufi. Tana harba wani siririn haske da idon mutum ba ya gani, ya ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan. A can akwai madubi da ke dawo mata da haskenta. Muddin hasken yana zuwa yana dawowa, lafiya lau. Da zarar hayaƙi ya taso ya gitta tsakani, hasken ya dushe, sai ƙararrawa ta ɗauka, mutane su fita da ƙafafunsu. Ido masu aikin suke kiran wannan na'ura.

Aiki ne mai son haƙuri. Ƙura takan kwanta a kan madubi, sai an hau an goge. Rana takan gasa ƙarfen rufi, gini ya ɗan motsa, saiti ya goce, sai an hau an juya noti a hankali har haske ya koma kan madubi. Bayan haka a gwada. A tare gaban idon da wani baƙin gilashi kamar hayaƙi ne, a ji ko ƙararrawa za ta yi kuka. Duk wannan kuwa a can sama ake yinsa, inda ba wanda zai hau ya duba bayanka. Kai kaɗai ne, sai wanda ya halicce ka.

Da fari mutumin nan ba shi da makusa. Yakan dawo gida da ƙura har cikin gira. Mai ɗakinsa, wadda tela ce, takan tare shi da tsiya. Ta ce, "Baban yara, da tattabara aka yi ka da ka huta. Kullum kana rufin mutane." Shi kuma ya ce ai da ta huta ita ma, tunda tattabara ba ta kawo wanki. Haka suke zaune, da daɗi.

Sai aka ba shi kula da wata masana'antar ɗinki. Dogon zaure ne, kekuna jere layi-layi, mata ne mafi yawan ma'aikatan. A can ƙarshe akwai ma'ajiyar yadi, an raba ta da zauren da katangar da ba ta kai rufi ba. Burbushin yadi ba ya rabuwa da iskar wurin. Madubin kuma tun asali a jikin kwano aka ɗaure shi, rana na dukan kwanon yana motsi. Saboda haka idon nan ya yi ta kukan ƙarya. Ana tsakiyar aiki ƙararrawa ta ɗauka, a kashe kekuna, mata su fito su tsaya a rana, a duba ko'ina, babu wuta.

Ran nan manajan wurin ya kira shi ofis. Ya ce, "Malam, abin nan naka ya ishe mu. Ko ka sa ya yi mana shiru, ko mu nemi wanda zai iya."

Mai Ido ya san gyaran gaskiya. A tsayar da aiki a ɓangaren baya, a kwashe dilolin yadi, a kawo injin ɗaga mutum, a cire madubin daga jikin kwano a mayar da shi kan ginshiƙin siminti, sannan a riƙa hawa ana gogewa a kai a kai. Ya san manaja ba zai so jin wannan ba. Gwiwarsa kuma ta fara ciwo, wasu ayyukan suna jiransa. A nan ne Shaiɗan ya matso ya zauna kusa da shi.

Mai Ido ya jingina tsaninsa a bangon gaba, inda idon yake. Ya hau. Ya ciro wani ɗan guntun madubi daga aljihu, bai kai tafin hannu ba. Ya murɗa waya ya ɗaure shi a gaban idon, tazarar ba ta wuce taƙi ɗaya na hannu ba. Ya daidaita na'urar. Haske ya fita, ya bugi guntun madubin, ya dawo nan take. Daga ranar idon bai sake ganin zauren ba. Kansa kawai yake kallo.

Ya sauko. A akwatin ƙararrawa da ke bakin ƙofa, koriyar fitila ta kama, alamar komai lafiya. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba a ji ko ƙis ba. Manaja ya riƙe hannunsa ya ce, "Hannun nan naka akwai albarka."

Ya 'yan uwa, wace irin albarka ce wannan?

Zunubi idan ya yi sauƙi karo na farko, ba ya tsayawa a nan. Ya yi haka a wani sito. Ya yi a wani ɗakin taro. Suna ya fita. Duk inda ido ya dami mutane da kuka, sai a ce a kira Mai Ido, shi ne ya san maganinsa. Ya daina dawowa gida da ƙura a gira.

Sai warin ya fara.

Wata rana da azahar yana zaune yana cin abinci, ya ajiye cokali. Ya ce, "Me ke ƙonewa?" Mai ɗakinsa ta tashi da gudu. Ta duba kicin, ta duba soket, ta leƙa ɗakin yara. Babu komai. Ta dawo ta ce ita ba ta ji komai ba. Shi kuwa warin na nan a hancinsa. Ba warin itace ba ne, ba na shara ba. Warin yadi ne idan yana ci a hankali, wuta ba ta tashi ba.

Ya ji shi a mota. Ya ji shi a kasuwa. Ya ji shi yana tsaye a sahu, har ya rasa raka'a ta nawa ake. Ya je asibiti, likita ya haska hancinsa ya ce lafiyarsa ƙalau, ya rage gajiya.

Akwai ranar da ya shiga wani sito da rana tsaka, ma'aikata sun fita hutu, wurin tsit, ba ya jin komai sai takunsa. Ya ɗaga kai. Sai ya ga hayaƙi shimfiɗe a ƙarƙashin rufin daga bango zuwa bango, baƙi, lumui kamar bargo, ko motsi ba ya yi. Daga nesa kuma, kamar daga cikin rijiya, ya ji kukan ƙararrawa. Ya runtse ido ya buɗe. Ƙarafan rufi ne kawai, da hasken rana ta ɓular kwano. Ya fito yana gumi ya tambayi maigadi, "Baba, ka ji wata ƙara yanzu?" Tsohon ya dube shi ya ce, "Ƙarar me, ɗana?"

Ku lura da kyau. Wannan ba azaba ba ce tukuna. Rahama ce. Ana ƙwanƙwasa masa ƙofa ne, ana ce masa ka koma ka kwance abin da ka ɗaura. Tsani yana motarsa. Hanyar wuraren nan ya san ta. Amma me ya yi? Ya koya wa kansa zama da warin. Idan ya ji shi, sai ya ce waswasi ne. Idan ya shiga babban gini, sai ya kafa idonsa a ƙasa, ya ƙi kallon sama.

Ana haka, wata aminiyar mai ɗakinsa ta samo mata gurbi a wannan masana'antar ɗinkin. Ta dawo gida fuskarta kamar an yi mata bushara. Da ta faɗi sunan wurin, ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Babu wani wurin ne sai can?"

Ta ce, "Haba Baban yara, ina zan fi samun kwanciyar hankali? Ba kai ka ke kula da na'urarsu ba? Har na gaya wa matan, mijina ne ke gadinmu daga sama."

Kalma ɗaya ta isa. Bai faɗa ba.

Ya ce a ransa gobe zai je ya cire guntun madubin. Da gobe ta yi, ya tuna idan ya cire, kukan zai dawo, manaja zai tambaye shi to da me ka yi ta yi shiru. Idan aka gane nan, za a duba sito, a duba ɗakin taro. Ina zai sa fuskarsa? Ya ce bari mako ya ƙare. Mako ya ƙare ya ce bari a yi hutu. Kullum da safe yana kallonta tana ɗaukar jakarta da almakashinta, tana ce masa sai ta dawo, yana amsawa a dawo lafiya.

Wata rana ta manta tabaron da take ɗinki da shi. Bayan la'asar ya biya ya kai mata. Ta fito bakin ƙofa, zare maƙale a hannun rigarta, tana fama da mura. Yana miƙa mata tabaron, warin ya doke shi. Bai taɓa jinsa da ƙarfi haka ba. Ta ga yadda ya yamutsa fuska, ta yi dariya. Ta ce, "Ya dawo ko? Hancin nan naka sai an kai shi gyara."

Ya waiga ya dubi akwatin ƙararrawa. Koriyar fitila tana ci.

Ya 'yan uwa, ku ji abin tsoro. A duk faɗin garin, mutum ɗaya ne ya san fitilar nan ƙarya take yi, kuma shi ne tsaye a gabanta. Amma da ya gan ta koriya, sai ya ji zuciyarsa ta kwanta. Taku biyu zai yi ya leƙa zauren ya ɗaga kai. Bai yi ba, don yana tsoron ya sake ganin abin da yake gani. Ya ce mata, "Ba komai, koma bakin aikinki." Ta koma. Ya tada motarsa ya tafi.

A daidai lokacin wata wayar lantarki ta riga ta tartsa a ma'ajiyar yadi. Wuta tana cin dilolin daga ciki, a hankali, ba harshe, ba ƙara. Hayaƙin yana haurawa ta saman katanga yana taruwa a ƙarƙashin rufi. Ya ratsa hanyar hasken, ya cika ta, ya lulluɓe babban madubin. Idon yana nan yana kallon guntun madubinsa, yana shaida lafiya. A ƙasa kekuna suna ruri, kowace mace kanta sunkuye a kan allura. Hayaƙin ya yi ta kauri, yana saukowa.

Sai da fitilun zauren suka fara dushewa sannan wata ta ɗaga kai. Ba ta ga rufi ba. Ta ƙwala ihu. Wata ta ruga ta fasa gilashin ƙararrawar hannu, amma kafin nan wuta ta tashi, lantarki ya ɗauke. Na kusa da ƙofa suka fita. Na layukan baya suka rasa gabas suka rasa yamma. Mai ɗakinsa sabuwar ma'aikaciya ce, kekenta a layin ƙarshe yake, jikin katangar ma'ajiya.

Yana kan hanya motocin kashe gobara suka wuce shi da jiniya. Bai tambayi kowa ina za su ba. Ya juya mota.

Ba ita kaɗai aka fito da ita a rufe ba. Akwai mai ciki. Akwai wadda ita ke riƙe da iyayenta tsofaffi.

Bangon gaba wuta ba ta taɓa shi ba. Da masu bincike suka hau, suka tarar da guntun madubin yana nan ɗaure da waya, ko baƙi bai yi sosai ba. Suka sauko da shi suka ajiye a gabansa. Ba su wahala da tambaya ba. Ya ce, "Ni ne." Aka bi sauran wuraren aka kwance abin da ya ɗaura. Kotu ta ɗaure shi. Surukarsa ta kwashe jikokinta. Babbar 'yarsa ta aiko masa da saƙo guda, cewa kada ya sake kiranta.

Ya gama zaman gidan yari ya fito, amma bai dawo mutum ba. Waɗanda suka san shi sun ce ba ya shiga ƙarƙashin wani rufi mai tsawo. Ko masallaci a waje yake tsayawa, bakin ƙofa, ko ana ruwa. Idan wani ya ja hannunsa ya ce shigo mana, akwai wuri, sai ya girgiza kai, ya leƙa ciki a hankali ya ce, "Bari su fito tukuna. Har yanzu suna ciki."

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ƙyasta ashana ba. Bai ƙi matan nan ba, balle matarsa. Amana aka ba shi a inda ba mai gani, ya ci. Shi ke nan laifinsa, kuma kun ga inda ya kai shi.

Kada wani ya ce ni ba na hawa rufi. Kai da ke ɗaure birkin motar mutane, wa ke leƙawa ƙarƙashi bayan ka fito? Kai da ke binne waya cikin bango a shafe da siminti fa? Mutane suna ɗaukar 'ya'yansu su kwantar a kan aikinka, don ka ce musu ka gama. Wa ya gaya maka naka ba sa cikinsu?

Kuma duk wanda ya saba yi wa mutane ƙarya, rana tana zuwa da zai buƙaci gaskiya ya rasa, domin shi ma ya yarda da ƙaryar tasa. Ƙofar tuba a buɗe take har ga wannan bawan Allah, ba mu rufe masa ba, ba tamu ba ce. Amma tuba ba ta dawo wa yara da uwarsu.

Idan akwai wani abu da ka ɗaure a wani wuri, kai kaɗai ka sani, kana cewa gobe, to ka tashi daga nan ka je ka kwance shi. Kunyar yau za ka iya ɗaukarta.

Allah ka tsare mu daga cin amana a ɓoye da bayyane. Kada ka sa hannunmu ya zama sanadin hawayen wani gida. Ka jiƙan matan nan, ka raya abin da suka bari. Ka farkar da mu tun muna da lokacin gyarawa. Amin.