Batirin da Ya Ƙi Mutuwa

Akwai wani bakaniken babura a wani ƙaramin gari na bakin ruwa a yammacin Norway, sunansa Torleif Brekke. Ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, kuma gaskiya ya iya aiki. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya.

Idan ka kawo masa babur, ba ya barin ka gama bayani. Zai karkata kai ya saurari injin, ya yanke hukunci. Yana da mitar auna wuta a cikin durowa, amma ƙura ce kawai ke ziyartarta. "Wannan ta 'yan koyo ce," in ji shi. "Ni kunnena ya ishe ni."

Wata shekara, da dusar ƙanƙara ta narke kowa ya fara fito da babur ɗinsa daga ma'aji, sai ga Arvid Myklebust ya turo nasa. Arvid mutum ne mai sanyin hali, kuma wata biyu ke nan da aka sallame shi daga masana'antar kifi.

"Torleif, abin nan yana ba ni mamaki," in ji shi. "Zan yi wa batir caji a gida ya cika, amma in na daɗe ina tafiya sai fitila ta fara dushewa. Anya ba cajin ne ba ya shiga ba?"

Torleif ya yi dariya. "To fa! Yau kuma mai feɗe kifi ne zai koya mini wuta? Batirinka ya tsufa kamar mai shi, shi ke nan."

"Ko za ka ɗan auna? Minti biyu ne fa."

"Minti biyun nan kofi zan sha da su."

Ya cire tsohon batirin ya jefa a kan kanta, ya ɗaura sabo. Babur ya tashi da bugu ɗaya. Arvid ya yi godiya ya tafi, don shi ba mai jayayya ba ne.

Bayan kwana uku, Arvid ya je neman aiki a garin da ke bayan dutse. Da la'asar yana dawowa ya shiga tsohon ramin nan da hanya ta huda cikin dutsen, mai tsawon kilomita biyu, wanda ko kwan fitila ɗaya babu a ciki. A nan wata babbar mota ta buge shi, ya rasu nan take. Direban ya yi ta kuka yana rantsuwa bai ga haske ko ƙanƙani ba. Babur ɗin an same shi kwance a jikin bango, da ƙyar ya ɗan kuje.

Waɗanda suka duba suka ce kwan fitilar lafiyarsa lau, batir kuma sabo ne. Sai mutanen gari suka haɗa lissafinsu: mutum ya rasa aiki, ya shiga duhu, ba fitila. Ai da hannunsa ya kashe ta, mutuwa ya nema. Babu wanda ya faɗa da ƙarfi. A garin nan ba a faɗin irin wannan da baki, da gira ake faɗa, a teburin kofi na kantin gari ranar Asabar.

Washegarin jana'iza, Torleif ya rufe ƙofar gareji, ya ɗauko tsohon batirin Arvid ya yi masa caji. Sannan ya buɗe durowa ya ciro mitar. Goma sha biyu da ɗigo bakwai. Ya bar shi kwana ɗaya, ya sake aunawa. Bai motsa ba. Bayan mako guda yana nan yadda yake. Batirin ba abin da ya same shi.

Ya lulluɓe shi da tsumma ya tura can ƙarshen kanta. Bai gaya wa kowa ba.

Tun daga ranar Torleif bai sake samun kansa ba. Sau ɗaya ya bi ta ramin da mota, kuma ya rantse ya ga mutum a jikin bango, sunkuye, yana turin babur. Daga nan ya koma bin jirgin fito, ko da yake hakan na ƙara masa awa ɗaya da rabi.

"Wai me ramin nan ya yi maka?" matarsa Ragnhild ta tambaye shi.

"Kallon ruwa nake so."

"Shekara sittin kana kallon ruwa, yanzu ne ya yi maka kyau?"

Duk lokacin sanyi sai ya yi wa batirin caji, shi kansa bai san dalili ba. Yana fata wata rana ya auna ya ga ya mutu, ko ya samu abin da zai faɗa wa zuciyarsa. Batirin ya ƙi mutuwa.

Shekara biyar suka wuce. Wata safiyar Alhamis yana zaune da kofinsa, sai ya ji ƙarar taya a kan tsakuwa, ba ƙarar inji. Ya ɗaga kai ya ga mutum sunkuye yana turo jan babur ɗin Arvid. Kofin ya suɓuce daga hannunsa.

Ingunn ce, 'yar Arvid. Tana shekara goma sha tara lokacin da abin ya faru, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a birni.

"Torleif, ka ga fatalwa ne? Ni ce fa," in ji ta. "Mama za ta sayar da gida, ta ce a kai babur ɗin bola, wai ba shi da sa'a. Ni kuwa ina so. Na saka sabon batir ranar Litinin, jiya ya mutu. Ina ga jabu aka ba ni. Ka saka mini mai kyau, Asabar zan wuce da shi birni."

Hanyar birni ɗaya ce ga mai babur da ke sauri, kuma ta cikin ramin take.

Torleif ya ce ta zauna. Zuciyarsa ta ce masa ya gyara a ɓoye, ya miƙa mata makulli, kowa ya kama gabansa. Yarinya za ta tsira, sunansa ma zai tsira. Yana cikin wannan tunani sai ta shafa tankin babur ɗin ta ce, kamar da kanta take magana:

"Ban ma san me ya sa nake son abin mutumin da ya zaɓi ya bar mu ba. Ka san ban taɓa zuwa kabarinsa ba? In na kama hanya sai haushi ya mayar da ni."

Torleif ya buɗe durowa ya ɗauko mitar. "Matso kusa," ya ce. "Ina so ki gani da idonki."

Ya ɗaura cikakken batir, ya ɗora jar waya da baƙa a kansa. "Kin ga, inji a kashe, sha biyu da ɗigo shida. Lafiya lau. Yanzu tayar, ki murɗa totur. In babur yana caji, dole ta haura zuwa sha huɗu."

Ta murɗa. Sha biyu da ɗigo uku. Ya kunna fitila. Sha biyu da ɗigo ɗaya, tana ci gaba da sauka.

"Me hakan ke nufi?"

"Babur ɗin yana shan wuta, ba ya mayarwa. Ko batir ɗari aka saka masa, haka zai tsotse su ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙare, fitila ta mutu, inji ya mutu."

Ya kwance murfin gefe ya bi wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da suka fito daga kwayil ɗin inji zuwa ɗan akwatin da ke daidaita wuta. A tsakaninsu akwai soket. Ya narke ya yi baƙi, tsatsa ta yi kore a kansa, har da tsohuwar yanar gizo-gizo.

"Wannan ƙunar ba ta jiya ba ce, Ingunn."

Ya je ƙarshen kanta ya ɗauko batirin nan, ya yaye tsumman ya ajiye a gabanta. Ya ɗora mita. Sha biyu da ɗigo biyar.

"Na babanki ne. Ya zo nan kwana uku kafin rasuwarsa, ya ce mini caji ba ya shiga. Ya roƙe ni in auna, na yi masa dariya. Na cire wannan mai lafiya, na saka masa sabo, na sallame shi. Bai kashe fitilarsa ba. Fitilar ce ta mutu masa a tsakiyar rami, inji ma ya mutu, ya sauka yana turawa."

Ingunn ta daɗe tana kallon mitar. Da ta yi magana, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Turawa yake yi? Ta ina ya nufa?"

"Ta gida."

Ta zauna a ƙasa cikin baƙin mai ta yi kukan da ta riƙe shekara biyar. Torleif ya tsaya kamar itace, bai isa ya ce ta yi haƙuri ba.

Da ta miƙe ta ce, "Minti biyun da ka hana shi, wataƙila wata rana in yafe. Shekara biyar ɗin da ka bar ni ina ƙin babana, ban sani ba. Amma ranar Asabar za ka je teburin kofi ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. A gaban Mama."

Ya je. Ya ɗauki batirin a hannu ya dire a tsakiyar tebur, tsakanin kofuna da farantin burodi da cuku, ya faɗi komai. Babu girar da ta motsa. Wasu daga ranar ba su sake kawo masa babur ba, kuma bai ga laifinsu ba.

Da rana ya miƙa wa Ingunn makulli. Ya riga ya yanke ƙonannen soket ya sa sabo, ya auna kwayil, ya auna akwatin, ya sake aunawa har sau uku. Ta murɗa totur, mita ta haura sha huɗu da ɗigo biyu ta tsaya cak.

"Maƙabarta zan fara biyawa," in ji ta, ba ta dube shi ba.

Ya jira ta a bakin hanya cikin motarsa. Da ta fito idanunta jajur, ya bi ta a baya har bakin ramin, kuma bai juya ba. Kilomita biyu cikin duhu, idonsa na kan jar fitilar bayanta. Ba ta ko ƙyafta ba. Da suka iso wurin da aka buge Arvid, ya dubi bango. Bai ga kowa ba, sai dutse da ruwa na ɗiga.

Darasi: Idan wanda kake ganin bai kai ka sani ba ya ce ka ɗan duba, to ka duba, don minti biyu na ƙanƙan da kai na iya ceton rai. In kuma ka riga ka yi kuskure, kada ka bari wanda ba ya nan ya ɗauki laifinka saboda ba zai iya kare kansa ba. Ku tura wannan ga bakanikenku da duk mai sana'ar da rayukan mutane ke hannunsa, wataƙila akwai wanda ya lulluɓe wani abu a ƙarshen kanta.