Wa Zai Riƙe wa Malam Ilu Igiya?

Ku gyara zama, kowa ya kifa wayarsa a cinya, don wannan magana sai kun yanke mata hukunci kafin ku tashi.

A Malumfashi akwai wani dattijo, Malam Ilu mai buga takardu. Tun zamanin da kwamfuta ke da ƙatuwar ƙeya yake da shago a bakin tasha. In kasuwa ta yi sanyi, shi da amininsa Jatau direba sai su sakaya ƙofa su kunna wani wasan kwamfuta. Sunansa na Turanci ya gagari harshensu, sai suka raɗa masa Jan Doki. Suka yi ta cin garuruwa har suka iso wata gada, wadda ita ce ƙarshen wasan. Sauran wasan mutum ɗaya na iya bugawa, amma ban da gadar nan: dole ɗaya ya riƙe igiya, ɗaya ya hau doki ya ƙetare. Ranar da suka iso bakinta, a ranar faifan wasan ya karce, bai sake tashi ba. Suka yi ta cewa wata rana, wata rana, har gemu ya yi fari. Bara Allah ya yi wa Jatau rasuwa.

Tun daga nan Malam Ilu ya zama wani iri. Ya rufe shago, ya daina zuwa majalisa, tuwo sai ya taɓa ya ture. Kewa ce zalla take cin sa, kowa a gidan ya sani. Ana nan sai labari ya iske shi cewa masu Jan Doki sun sabunta shi, sun wanke shi sun yi masa ado, ana sayar da shi ta intanet. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce, "Ni dai ba na son in bi Jatau ban ga abin da ke bayan gadar nan ba."

Babban, Sagiru, shi ya shiga kasuwar intanet don ya sayo. A can kowace ƙasa da farashinta, mai hali a tsuga masa, mara hali a sassauta masa. Amma da Sagiru ya duba, sai ya ga an yanka masa kuɗin da zai sayi ɗan maraƙi. Dalili kuwa, tun ranar da ya yi rajista aka tambaye shi ƙasarsa, ɗan burgar nan ya danna Ingila. Abokan wasansa duk Sagir Ɗan Landan suke kiransa, alhali ko Zariya bai taɓa wucewa ba. Har akwai wata yarinya a Kaduna da ke jiran ya zo hutu ya kawo mata turare. Da ya kai kuka a rage masa, masu kasuwar suka ce in da gaske a Malumfashi yake, ya kawo shaida. Haka ya tsaya a ƙofar gida aka ɗauke shi bidiyo, takardar wuta a hannu, akuyar maƙwabta tana taunar gefen rigarsa. Ana sauya masa ƙasa, tutar da ke jikin sunansa ta sauya, duk duniya ta gani. Abokai suka yi masa ca, yarinyar Kaduna ta toshe lambarsa ko sallama babu. Farashi kuma ya faɗo zuwa kuɗin zakara, ya biya, ya kawo wa mahaifinsa wasa yana tafe kai a ƙasa.

Ta biyu, Ramlatu, mai zana ɗinkin surfani a kwamfuta, ita ta ɗora wasan a tsohuwar kwamfutar shago. Wasa ya tashi, amma ina! In doki ya ɗaga ƙafa, sai ka je ka yi alwala ka dawo bai sauke ba. Malam Ilu ya ƙura ido ya ga doki na sheƙi, gashinsa ɗaiɗai, ciyawa na rangaji, mahayin ma har da saje. Ya ce, "Wannan ba Jan Doki ba ne. Wannan dokin 'yan gayu ne." Ya juya wa allon baya. Ramlatu ta kwance tata kwamfutar, ta ciro ƙwaƙwalwarta ta ƙara wa ta uban, ga Salla ta matso, ga masu ɗinki na yi mata sintiri. Doki ya ɗan motsa, amma yana ɗingishi. Sai ta shiga wurin saiti ta hau ragi ba tausayi. Ta kashe inuwa, ta kwashe gajimare, ta nome ciyawa, ta aske doki ƙwal, ta sauke sajen mahayi. Ba ta tsaya ba sai da doki ya koma mai kusurwa kamar akwati, sannan ya zabura a guje.

Malam Ilu ya waiwayo. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce, "Yauwa! Ga shi nan. Jan Doki ke nan."

Sagiru ya ce, "Wato adon da na zubar da mutuncina a kansa shi kika share tas?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya. Ai kai ma sai da aka sauke ka kafin ka yi amfani."

Na ukun, Ɗayyabu, mai tsire ne a bakin kasuwa, bai san komai a kan kwamfuta ba, bai kuma damu ya sani ba. To ga bazara, ga fankar cikin kwamfuta ta mutu tun tuni, da an ɗan yi nisa sai ta ɗau zafi ta ɗauke ɗif. Ɗayyabu ya taɓa jikinta ya ce wannan ai tukuba ce. Ya kashe wutar tsirensa, ya ɗauko mafici, ya sa aka cire murfin gefe, ya tsuguna a baya ya kama fifita. Kullum uban zai hau doki, shi kuma zai hau fifita. Rannan ya tsaya sosa hanci, kwamfuta ta mutu, gari guda ya suɓuce wa Malam Ilu, tun daga nan ko atishawa zai yi hannu bai tsayawa. Damtsensa ya kumbura, masu sayen tsirensa suka koma wurin abokin gasarsa, ɗaki ya gauraye da ƙamshin yajin da ya kama maficin. Allon kuwa ko sau ɗaya bai gani ba, sukuwar doki kawai yake ji. In shiru ya yi yawa sai ya leƙo ya ce, "Baba, ya gasu?"

A haka Malam Ilu ya sake bin hanyar tun daga farko. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari, aka fara jin dariyarsa daga zaure. Ranar wata Laraba da hantsi, doki ya tsaya a bakin gada.

Dattijo ya dakatar da wasa. Ya shiga ɗaki ya fito da kujerar da Jatau ke zama, da hannun wasa na biyu wanda maɓallansa suka koɗe da yatsun marigayin. Ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya ajiye ta kusa da tasa, ya ce, "Igiya ɗaya ce, kujera ɗaya ce. Wanda zai zauna a nan, da shi zan ga abin da ni da Jatau ba mu gani ba. Ni na kasa zaɓa."

Sagiru ya ce ba don shi ba, da wasan bai shigo gidan ba. Ramlatu ta ce ba don ita ba, da har yanzu doki bai sauke ƙafa ba. Daga bayan kwamfuta muryar Ɗayyabu ta ce ba don shi ba, da ko bakin gari ba a fita ba, kuma don Allah a yi sauri, hannunsa ya fara sanƙarewa. Kar kuma wani a cikinku ya ce mini in Ɗayyabu ya zauna wa zai yi fifita. Wannan wahalar sauran biyun ce, ba laifinsa ba ne.

Ga Malam Ilu can zaune, hannu ɗaya a kan kujerar amininsa, doki na tsaye, mafici na kaɗawa. To, ku faɗa mini: tsakanin wanda ya ajiye girman kansa, da wadda ta kwance abin sana'arta, da wanda bai ko ga dokin ba, wa ya cancanci zama a kujerar Jatau?