Ranar da Kofi Ya Suɓuce wa Mai Saiti

Akwai wani malamin harbi da abokan aikinsa ke kira Mai Saiti. Shekara goma sha ɗaya yana koya wa masu gadi riƙon bindiga a wani dogon ɗaki marar taga. Gwani ne na gaske, amma ba ya jin magana. Akwai fankar da ke zuƙe hayaƙin bindiga, sai dai da ya shigo yake kashe ta, wai ƙararta na danne muryarsa. A teburin da yake goge bindigogi yake cin abincin rana, hannu baƙi ƙirin.

"Oga, ga sabulu can fa," in ji mai kula da ɗakin makamai wata rana. "An ce ƙurar nan akwai dalmar harsashi a ciki."

"Harsashin da ya yi gaba ne zai juyo ya kama ni?" Ya yi dariya, ya ci gaba da cin abincinsa.

Sannu a hankali jikinsa ya fara canzawa. Ciki ya riƙa murɗa masa, kai na sarawa, abu kaɗan sai faɗa. Daga baya hannunsa na dama ya soma sanyi. Nan tsoro ya kama shi, domin haka ciwon mahaifinsa ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa ya tarwatse. Matarsa ta dube shi.

"Baban Auta, kwana nawa ke nan kana ɓoye hannun nan a aljihu?"

Ta ɗauki waya ta kira yayarsa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Da ta iso, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ciwon Baba ne ya same ni."

"Yaushe ka zama likita? Tashi ka sa takalminka."

A asibiti, likita ya tambayi sana'arsa, ya sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya ce, "Ba shanyewar jiki ba ce. Dalma ce ta taru a jininka, ka shaƙa, ka kuma ci. Akwai magani, amma sai ka bar ɗakin nan tukuna."

Mai Saiti ya sauke ajiyar zuciya, har idonsa ya kawo ruwa. Matarsa ta ce, "Ashe dalma ce ke ta yi mana faɗa a gida!" Kowa ya yi dariya.

Likita ya sake tambaya: "Da kayan aiki kake komawa gida? Akwai ƙaramin yaro?"

Dariya ta ɗauke. 'Yarsu Auta shekararta uku. Kullum ita ke tarbarsa a ƙofa, ta rungume ƙafarsa, ta ƙwace hularsa ta kai baki.

Aka ɗebi jininta ita ma. Kwana uku suka jira sakamakon, ya kasa ko kallon abinci. A rana ta huɗu likita ya ce ta samu kaɗan, amma an gano da wuri. A wanke gida da mota, a riƙa kawo ta ana dubawa. Mai Saiti ya zauna daɓas a benci yana ta hamdala.

Da kansa ya nemi a gwada ɗalibansa da mai kula da makamai, ya kuma ba su haƙuri. Bayan wata biyar, ya ɓalle maɓallan rigarsa da hannun dama, ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani.

Darasi: ƙwarewa ba ta kare mutum daga guba. Duk mai shiga wurin harbi ya tabbata iska na fita, kada ya ci ko ya sha a ciki, ya wanke hannu da fuska, ya canza kaya kafin ya taɓa iyalinsa, ya riƙa gwada jininsa. Kuma in jiki ya canza, a faɗa da wuri, domin sau da yawa abin da ake ɓoyewa saboda tsoro yana da magani.